Yadda Ake Gwada Sautin Hedifon Mai Rufaffen Baya Kafin A Saya

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini a kan kayan sauti ita ce: "Malam, tsakanin wannan da wancan, wanne ya fi daɗin sauti?" Wani ya turo hoton kwali biyu, wani ya kira ni daga cikin shago mai kaya na tsaye a kansa. Amsata ba ta canzawa. Kunnenka ne zai yanke hukunci, amma sai ka shirya masa gwajin da ba za a yaudare shi ba, domin kunne yana da saurin ruɗuwa. Ɗan ƙarin ƙara kaɗan, ko hula da ta ɗaga soson kunne, ko waƙar da mai shago ya zaɓa da kansa, kowanne ya isa ya sa ka ɗauki wanda bai kai ba ka bar na ƙwarai.

Maganar da zan yi ta shafi hedifon mai rufaffen baya ne, wato wanda bayan ƙoƙon da ke rufe kunne a toshe yake, babu raga babu huda. Shi ya fi dacewa da yawancinmu, masu sauraro a gidan haya, a ɗakin kwanan ɗalibai, a cikin mota, ko kusa da janaretan maƙwabci. Yana rage hayaniyar waje, kuma na kusa da kai ba ya cika jin abin da kake ji. Sai dai toshewar nan tana da nata illar: sautin da ke fita ta bayan 'yar lasifikar ba shi da mafita, sai ya yi ta kai-komo a cikin ƙoƙon. Kowane kamfani da yadda yake shawo kan wannan, shi ya sa za ka ga biyu masu kuɗi ɗaya amma sautinsu ya sha bamban.

Mataki na 1: Rage zaɓinka zuwa biyu, ko uku in ya yi yawa

Kada ka zauna gaban hedifon shida ka ce za ka gwada su duka. Kafin ka kai na huɗu ka manta da na farko. Ka tsayar da kuɗin da za ka iya kashewa, sannan ka fitar da biyu ko uku da ke cikin wannan kuɗin.

Don ka samu ma'auni, ga waɗanda suka daɗe a hannun masu aikin sauti. Sony MDR-7506, wanda ke kasuwa tun 1991, da Audio-Technica ATH-M40x da Sennheiser HD 280 Pro, farashinsu a waje yana kewayen dala 100. Audio-Technica ATH-M50x da AKG K371 da Beyerdynamic DT 770 Pro na Jamus suna kewayen dala 150 ko sama kaɗan. Na ba da farashin da dala ne saboda na naira ba ya zama wuri ɗaya. Ka lissafa da canjin ranar, ka ƙara kuɗin shigowa da ribar ɗan kasuwa.

Hattara: rubutun da ke jikin kwali cewa "20 Hz zuwa 20,000 Hz" ba ya gaya maka komai game da daɗin sauti. Iyakar jin ɗan Adam ce kawai aka rubuta, kuma na dubu biyar ma haka ake rubuta masa.

Mataki na 2: Haɗa kayan gwaji

Ba su da tsada, yawancinsu suna gidanka. Kana bukatar wayar da ko kwamfutar da za ka riƙa sauraro da ita kullum, sannan waya ta biyu da za ta zama ma'aunin ƙara. Ta ɗan'uwa ko ta aboki ta isa. A kan ta biyun ka saukar da manhajar auna ƙarar sauti, akwai na kyauta da yawa. Ka nemi ɗan kwali mai kauri wanda ya fi ƙoƙon hedifon faɗi, ka huda tsakiyarsa daidai yadda ƙasan waya, inda makirfo yake, zai zauna a kai. Tsohon faifan CD ma yana yi, tunda da hudarsa ya zo. Sai takarda da biro.

Idan wayarka ba ta da ramin hedifon, sai ka tanadi ɗan mahaɗin da ake sawa a ramin caji. Na kamfanin Apple dala 9 ne a Amurka, kuma sautinsa mai tsafta ne. Ka duba bakin igiyar hedifon ɗin ma: na waya milimita 3.5 ne, na kayan sitidiyo 6.35, kuma yawancin waɗanda na lissafa suna zuwa da mahaɗin da ake murɗawa a kai.

Hattara: kada ka yi amfani da mahaɗi mai baki biyu ka jona hedifon biyun lokaci guda don saurin canjawa. Ba ƙarfi ɗaya suke ja ba, ɗaya zai fi ɗaya ƙara, gwajin ya lalace tun kafin a fara.

Mataki na 3: Zaɓi waƙoƙinka, ba na mai shago ba

Waƙa biyar ko shida sun isa, kuma sharaɗin farko shi ne ka san su kamar yunwar cikinka. Waƙar da ka ji sau ɗari ita ce za ta nuna maka abin da ya ɓace ko abin da aka ƙara. Ni ga yadda nake haɗa nawa: ɗaya ta kiɗan gargajiya mai kalangu ko kotso da 'yan amshi, ɗaya mai murya ɗaya tal da abin kiɗa ɗaya, kamar gurmi ko kuntigi ko garaya, ɗaya ta zamani mai bugun bes mai nauyi (bes shi ne kakkauran sautin ƙasa), ɗaya ta mace mai siririyar murya, ɗaya mai cunkoson kayan kiɗa, inda komai ke tashi lokaci guda. Idan kana yawan sauraron karatu ko wa'azi ko labarai, ka sa guda a ciki.

A kowace waƙa ka ware guntu na daƙiƙa 20 zuwa 30, ka rubuta inda ya fara, misali minti 1 da daƙiƙa 10. Wannan guntun za ka yi ta maimaitawa.

Ingancin fayil ɗin yana da muhimmanci. Waƙar da ta yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Xender ko WhatsApp sau da yawa an matse ta har ta rasa saman sautinta. Akwai hanya mai sauƙi ta ganewa: waƙar minti 4 a MP3 mai lambar inganci 320 nauyinta kusan megabait 10 ne, mai lamba 128 kuwa ba ta cika megabait 4 ba. Ka nemi mai 320, ko FLAC ko WAV, wato fayilolin da ba a yanke musu komai na sauti ba, in da hali. Idan ta Spotify ko Boomplay ko Audiomack kake ji, ka shiga saiti ka ɗaga inganci zuwa mafi girma da suka ba ka, ka saukar da waƙoƙin tun daga gida, kada raunin intanet ya sauke maka inganci ana tsakiyar gwaji.

Hattara: mayar da ƙaramin MP3 zuwa FLAC ba ya dawo da abin da aka riga aka yanke. Nauyin fayil ne kawai zai ƙaru.

Mataki na 4: Kashe duk wani kwaskwarima a waya

Ka shiga saitin sauti ka kashe ikwalaiza, wato wurin da ake ɗaga ko rage sassan sauti, da Dolby Atmos, da duk abin da aka ce yana ƙara bes ko yana faɗaɗa sauti. Ka duba cikin manhajar kiɗan ma, domin ita ma tana da nata. Sautin hedifon ɗin kake son ji, tsirara.

Nan ne kuma za ka duba lambar om da ke jikin kwali, wato yawan turjiyar da hedifon ke yi wa wutar da ke shiga cikinsa. M50x 38 ne, MDR-7506 63, K371 32, duk waya na iya tura su. DT 770 Pro kuwa iri uku ake yin sa da suna ɗaya: mai 32, mai 80, da mai 250. Mai 250 ɗin idan ka jona shi kai tsaye a waya, za ka kai ƙarshen ƙara amma sautin ya fito a raunane, sai ka yanke masa hukuncin da bai cancanta ba. Shi yana son amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, ko na'urar sitidiyo. Idan ba ka da niyyar sayen ƙarin na'ura, ka tsaya a kan masu ƙaramar lamba.

Mataki na 5: Zaunar da shi a kai yadda ya kamata

Mutane na raina wannan matakin, alhali a hedifon mai rufaffen baya rabin bes ɗin ya dogara ne ga yadda soson ya manne da fata. Idan aka samu 'yar kafa komai ƙanƙantarta, iska ta fita, bes ya zube.

Ka gwada da kanka ka ji: kunna waƙa mai bes, ka ɗan ɗaga gefen soson da yatsa ɗaya. Nan take nauyin kiɗan zai gudu. To abin da hannun tabarau ke yi ke nan, haka gefen hula idan ya sauko kan kunne, haka kitso mai kauri ko kallabi ko hijabi ga 'yan'uwa mata. Ƙa'idata ita ce ka gwada shi yadda za ka riƙa sa shi a zahiri. Idan ba ka rabuwa da tabarau, kada ka cire shi ranar gwaji. Wani hedifon sosonsa yana lanƙwasawa ya rungume hannun tabarau, wani ba ya yi, kuma wannan bambancin naka ne kai kaɗai, babu wani mai sharhi a intanet da zai ji maka shi.

Ka daidaita tsawon maɗaurin yadda kunnenka zai zauna a tsakiyar ƙoƙon, ka tabbata hagu na hagu, dama na dama. Duk sanda ka cire ka mayar, ka mayar da shi wuri ɗaya.

Hattara: kada ka yi gwaji kana da mura, musamman lokacin hunturu da kunne ke toshewa, kuma kada ka yi shi da saukowarka daga babur ko daga cikin hayaniyar kasuwa. Ka ba kunne minti goma sha biyar ya huta. Kuma idan na gwaji ne da kowa ke sawa a shago, ka goge soson tukuna.

Mataki na 6: Daidaita ƙarar su biyun

Idan mataki ɗaya kaɗai za ka riƙe a wannan rubutu, to wannan ne. Kunnen ɗan Adam ba ya jin bes da siririn sauti sosai idan ƙara ta yi ƙasa, yana ƙara jin su ne yayin da ƙara ke hawa. Don haka duk wanda ya ɗan fi ƙara, ko da da desibel ɗaya ne (desibel shi ne ma'aunin ƙarar sauti), zai yi kama da ya fi cika, ya fi fitar da komai. Ba za ka ce "wannan ya fi ƙara" ba, cewa za ka yi "wannan ya fi daɗi". Kuma barin maɓallin waya a wuri ɗaya ba daidaitawa ba ne, tunda kowane hedifon da yawan ƙarar da yake fitarwa daga wuta iri ɗaya.

Na taɓa faɗawa wannan ramin. Shekarun baya na shiga wani shago, aka ba ni biyu na gwada a tsaye, ɗaya yana bugawa har ina jin sa a haƙora, ɗayan ya yi mini sanyi-sanyi. Na ɗauki mai bugun. Cikin mako guda na lura ba na iya wuce rabin awa da shi sai kaina ya yi nauyi, kuma muryar mawaƙi kullum tana can baya kamar daga wani ɗaki ake rerawa. Da na samu irin wanda na bari a hannun wani abokina, muka daidaita ƙararsu muka sake ji, sai na ji 'yan amshin da ban taɓa sanin su uku ba ne a wata waƙa da na haddace tun ina yaro. Kuɗin sun riga sun tafi, kuma abin ya daɗe yana yi mini ciwo.

Ga yadda ake yi. A wayar da ke tura sauti, ka rubuta pink noise a wurin bincike ka saukar da shi. Wata ƙara ce mai "shuuu" kamar ruwan sama a kan kwano, wadda ta haɗa dukkan matakan sauti. Ka sa hedifon na farko a kai, ka kunna waƙa, ka tsayar da ƙarar da za ka iya ji na tsawon lokaci ba tare da takura ba. Ka cire shi, kada ka taɓa maɓalli. Ka kwantar da ƙoƙo ɗaya yana kallon sama, ka ɗora kwalin nan a kan soson ya rufe shi ruf, ka sa makirfon waya ta biyu a bakin hudar, ka kunna ƙarar shuu ɗin. Ka rubuta lambar da manhaja ta nuna, mu ce 72, ka rubuta kuma matakin da maɓallin ƙara yake. Sai ka jona na biyu, ka yi masa haka, ka yi ta ɗagawa ko saukewa har shi ma ya nuna 72 ko kusa da haka. Ka rubuta nasa matakin. Daga yanzu duk sanda ka canja hedifon, sai ka mayar da maɓalli kan matakin da ka rubuta masa.

Ka danna kwalin da ƙarfi ɗaya a duka biyun, ka riƙe wayar a kwana ɗaya, ka auna sau biyu ko uku. Manhajar waya ba ma'aunin ƙwararru ba ce, lambarta na iya kaucewa daga ainihi, amma tunda waya ɗaya ce ke auna su duka, kwatancin yana tsayawa.

Matsala ɗaya da za ka ci karo da ita: yawancin wayoyi matakan ƙararsu kusan 15 ne kacal, tsalle ɗaya yana da girma, sai ka ga ɗaya ya tsaya 71 ɗayan 73. Kwamfuta ta fi sauƙi tunda tata daga 0 zuwa 100 ce. Idan waya ce kawai a hannunka, ka yi zagaye biyu: a na farko ka bar na ɗaya ya ɗan fi ƙara, a na biyu ka bar na biyu. Wanda ya ci gaba da burge ka ko lokacin da shi ne ƙasa, shi ne gwani.

Hattara: kada ka yi gwaji da ƙara mai yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sauraron baligi a desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Idan ka cire hedifon ka ji kunnenka na ƙugi ko ya yi dum, ka wuce gona da iri. Jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Mataki na 7: Sauraro, abu ɗaya a lokaci ɗaya

Ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin kamannin sauti sai na 'yan daƙiƙoƙi, shi ya sa muka yanka guntaye. Ka ji guntun da na farko, ka canja da sauri ka ji da na biyu, ka koma na farko. Komawar nan ta uku ita ce ke tabbatar da abin da ka ji. Ka rubuta kafin ka ci gaba, da kalmominka na yau da kullum: "ganga ta fi nauyi", "murya ta matso", "yana soka kunne". Kuma kowane zagaye abu ɗaya za ka bi da kunne.

Fara da ƙasa, wato bes. Tambayar ba yawansa ba ce, tsaftarsa ce. Bes mai kyau yana bugawa ya tsaya, ka ji farkon bugu da ƙarshensa. Marar kyau yana bugawa ya bar gurnani da ke malalewa kan bugun da ke biye. Kalangu babban alƙali ne a nan, domin makaɗi yana matsa tsarkiyarsa a hammata muryar ta hau, ya saki ta sauko. A hedifon na ƙwarai za ka bi wannan hawa da saukar kamar magana. A wanda bes ya kumbura, duk sai su zama "dum-dum" iri ɗaya. A waƙar zamani kuma ka saurari can ƙasa, bugun da ake ji kamar girgiza: wani hedifon yana kai wa can, wani yana kumbura na sama da shi ne don ya rufe rashinsa.

Sai tsakiya, inda murya take, kuma a ganina nan ne ya kamata mai jin waƙar Hausa ya fi tsayawa, domin waƙarmu magana ce kafin ta zama kiɗa. Ka saurari ko kalmomi na fita sarai, ko kana bambance ƙ da k, ɗ da d, ba tare da ka yi ƙoƙari ba. Ka ƙirga 'yan amshi. Ka lura ko mawaƙin yana gabanka ne ko an tura shi bayan ganguna. Hedifon da yawa ana ɗaga musu bes da siririn sauti a danne tsakiya, saboda hakan ne ke burge mutum a minti biyun farko a shago. Akwai kuma cutar da ta keɓanta da masu rufaffen baya: murya ta fito kamar mutum ya sa kai cikin randa yana magana. Waƙar nan mai murya ɗaya da gurmi ita ke tona wannan asiri. Idan ka ji randa, ka ajiye shi, domin ikwalaiza ba ta cika gyara wannan ba.

Sannan sama. Ka bi haruffan s da sh da ts a bakin mawaƙiya, da ƙarar kacau-kacau, da algaita ko goge in akwai. Idan kowace "s" tana tsira maka kamar allura, to nan da awa guda za ka gaji. Idan kuma sun dushe kamar an rufa wa lasifika bargo, ya yi duhu. Ka yi hankali da wanda ke sa ka ce "kai, komai na fita!" a jin farko, sau da yawa siririn sauti ne aka ɗaga fiye da kima.

Na ƙarshe, sarari. A waƙar mai cunkoso, ka rufe ido ka nuna da yatsa inda kowane abin kiɗa yake. Mai rufaffen baya ba zai kai mai buɗaɗɗen baya faɗi ba, kada ka nemi wannan a wurinsa. Abin nema shi ne kayan kiɗan su rabu, kada su dunƙule a tsakiyar kai.

Don ka san abin da za ka tarar: MDR-7506 yana fito da murya da saman sauti gaba, shi ya sa ma'aikatan rediyo da masu ɗaukar sautin fim ke riƙe da shi, amma wasu na ganin ya yi kaifi ga dogon jin kiɗa. M50x bes ɗinsa ya fi cika. DT 770 Pro yana da bes mai zurfi da sarari mai kyau, tare da kaifi a sama wanda wani ke so wani ba ya jurewa. K371 an gina shi ne a kan ma'aunin da kamfanin Harman ya fitar daga binciken irin sautin da yawancin masu sauraro ke zaɓa, don haka ya fi zama tsaka-tsaki. Wannan shimfiɗa ce kawai, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Hattara: ka huta minti biyar bayan kowane minti ashirin. Kuma idan kun je ku biyu, kowa ya rubuta nasa kafin ku yi magana, domin da zarar abokinka ya ce "ka ji bes ɗin nan?" to ka ji shi ke nan ko babu.

Mataki na 8: Duba lafiyar na'urar

Wannan minti uku ne. Ka kunna magana zalla, kamar labarai. Ya kamata muryar ta zauna a tsakiyar kanka daidai. Idan ta karkata hagu, ka juya hedifon ɗin ka sa shi a baibai. In karkatar ta koma dama, laifin na'ura ne. In ta tsaya a hagu, kunnenka ne. Sannan ka kunna sautin gwaji mai tashi daga can ƙasa zuwa sama, da ƙara kaɗan, ka saurari kakkarwa ko zuzu a gefe ɗaya. Ka motsa igiyar a bakin mahaɗi ka ji ko sauti na yankewa.

Mataki na 9: Hayaniyar waje, da masu Bluetooth

Ka sa shi ba tare da kiɗa ba kusa da fanka ko bakin titi, ka ji nawa ya rage. Soso yana tare siraran ƙararraki sosai, amma gurnanin janareta da injin mota suna ratsawa. Masu kashe hayaniya da lantarki su ne suka fi iya wannan gurnanin, muryoyin mutane kuwa ba sa kashe su duka. Don sanin ko yana ɗigar da sauti, ka sa wa wani a kai da ƙarar da ka saba, ka tsaya taku biyu ka saurara.

Idan masu Bluetooth kake kwatantawa, ka sa su a yanayi ɗaya: ko duka da kashe hayaniya a kunne, ko duka a kashe, domin sautin yana canjawa tsakanin biyun. Ka tabbata da caji a jikinsu. Ka sani kuma iPhone ba ta aiki da LDAC ko aptX, wato wasu hanyoyin tura sauti ta Bluetooth, da wadda ake kira AAC take turawa, don haka kada ka biya ƙarin kuɗi saboda tambarin da wayarka ba za ta amfana da shi ba. Kada kuma ka jona mai Bluetooth da igiya a kashe ka ce ka ji sautinsa. Yawancinsu gyaran sautinsu a cikin lantarkin yake, in an kashe sai su zama wani abu daban.

Mataki na 10: Awa guda a kai

Gajeren gwaji yana nuna bambanci, dogon zama yana nuna wanda za ka iya rayuwa da shi. In ka samu aro daga aboki ko ɗan sitidiyo, ka ba kowanne awa guda cur, ka ajiye biro ka ji kiɗa kawai. Ka lura da inda ya fara ciwo: tsakar kai, muƙamuƙi, ko bayan kunne inda tabarau ke dannuwa. Nauyinsu bai yi nisa da juna ba, MDR-7506 giram 230, DT 770 Pro 270, M50x 285, matsewar ce ta fi bambanta, kuma HD 280 Pro an san shi da riƙe kai da ƙarfi.

Zafinmu ma alƙali ne. Soso mai fatar roba yana toshe hayaniya da kyau amma yana tara gumi, kuma a yanayin Maris da Afrilu ba ya daɗewa yake fara ɓarewa. Mai laushin yadi, irin na DT 770 Pro mai 80 da mai 250, ya fi sanyi a kunne, sai dai yana shan ƙura. Ka tambaya ko ana samun soson canji, ka duba kuma ko igiyar tana cirewa: ta M50x da K371 tana cirewa, ta MDR-7506 da DT 770 Pro a manne take, in ta tsinke sai mai gyara.

Mataki na 11: Wurin biya

Ko a Farm Centre ta Kano kake, ko Computer Village ta Ikeja, ko ta intanet za ka yi oda, ka tsayar da maganar mayarwa kafin kuɗi su bar hannunka, a rubuta a rasit kwana nawa aka ba ka. Ka ce wanda ka gwada shi za a sa maka a kwali. In sabo za a ɗauko daga ciki, a buɗe a gabanka ka maimaita mataki na 8.

M50x da MDR-7506 suna cikin waɗanda aka fi yi wa jabu, kuma kwalin jabun yana kama da na gaske ƙwarai. Idan aka yi maka tayin sabo a kashi ɗaya cikin uku na farashinsa, araha ba ta ado. In kana da wanda ke da na ainihi, ka ara ka je da shi, ka daidaita ƙararsu, ka ji guntayenka. Jabu ba ya tsallake waƙar murya ɗaya da gurmi.

Idan na hannu ne, ka matsa soson da yatsa. Wanda ya kwanta ya ƙi tasowa ya riga ya canja sautin, sai ka cire kuɗin sabon soso daga ciniki, kuma ka nemi irin na asali, domin sa wa M50x soson yadi, alal misali, yana rage masa bes.

Hattara: idan sautin bai yi maka ba aka ce "ai sai ya yi awa ɗari yana aiki zai buɗe", kada ka yarda. Abin da ke canjawa a wannan lokacin kunnenka ne da ke sabawa, da soson da ke laushi. Ka ci gaba da jin guntayen nan naka kullum a cikin kwanakin da aka ba ka, ka ajiye kwali da leda da rasit wuri ɗaya, in har rana ta uku murya na nan cikin randa ka mayar da shi tun wa'adin bai cika ba.